Katangar Eko Atlantic za ta tare ruwan da ke shiga Agiliti?

Mai Albasa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin Legas, musamman in akwai wanda ya karanci harkar ruwa a cikinmu.

Albasa nake saukewa a kasuwar Mile 12, daga Aliero da Gada ake yi min lodi. Iyalina suna gida, ni kuma ina kwana a ɗakin hayar da muka yi karo-karo da abokan sana'a. Bana Allah ya ɗan buɗa, sai tunanin mallakar wuri ya shige ni, ko ciki da falo ne in ɗauko su. Wani dillali ya kai ni Agiliti, nan bayan kasuwa, ya nuna min rabin fuloti, kuma kuɗin da ya yanka ko rabin na Ketu bai kai ba. Da rani muka je, ƙasa a bushe ƙayau. Sai dai a jikin katangar maƙwabci na ga shatin ruwa ya kai min ƙugu, ga kuma kwale-kwale a kife a bakin hanya. Da na nuna masa sai ya yi dariya, wai ai wannan tsohon zance ne, gwamnati ta gano lagon ruwa, ba ga katangar da aka yi wa teku a Eko Atlantic, sabuwar unguwar da aka cike teku aka kafa, ba? Ya ce irinta za a kewaye Legas da ita, kafin nan in zuba yashi in ɗaga wurin, shi ke nan.

Ruwan Agiliti ba baƙona ba ne, domin yaran da ke yi min dako can suke zaune, kuma duk ƙarshen damina sai sun biya mai kwale-kwale kafin su taka busasshiyar ƙasa. Abin da ya shige min duhu shi ne katangar nan. Da gaske ta hana ruwa? In ta hana, me ya sa unguwar masu kuɗi kaɗai aka yi wa? Sannan kullum a rediyo ana cewa teku yana ƙaruwa, wai wata rana Legas za ta nutse. Gaskiya ne ko ban tsoro? Kuɗin nan da kwanan kan buhu na tara su, ba na son in yi kitso da kwarkwata.

Tsohon Obalende

Wa alaikumus salam. Yaro, Allah ya yi wa nema albarka.

Ni tun zamanin Gowon nake Ikko. Wurin da kuke kira Eko Atlantic, mu Bar Beach muka san shi. Can ake zuwa yawon sallah, can ne kuma soja ke ɗaure 'yan fashi a jikin ganguna su harbe a gaban jama'a. Rairayi ne mai faɗi, sai ka yi tafiya kafin ƙafarka ta taɓa ruwa. Muna kallo teku ya yi ta ci, har ta kai in ya tumbatsa sai ka tarar da ruwa da yashi a kan titin Ahmadu Bello, a ƙofar ofisoshin jihohi da ke jere a wurin.

Ba zan ci amanar gaskiya ba, tun da aka yi katangar teku bai sake hawowa titin nan ba. Amma a watan Yulin 2017 titin ya sake cika maƙil, har wani Bature ya fito da ɗan kwale-kwalensa yana tuƙi a kai, hoton ya zaga duniya. Wannan karon ba daga teku ruwan ya zo ba, daga sama ya sauko ya rasa hanyar fita. Sannan ka tambayi mutanen Alpha Beach da Okun Ajah da ke gabas da katangar abin da teku ya yi wa gidajensu da maƙabartunsu.

Abin da nake so ka riƙe shi ne wannan. A garin nan, duk ranar da ka ji an ce za a ceci wata unguwa daga ruwa, talakan da ke ciki ya fara ɗaure kayansa. A watan Yulin 1990, lokacin Raji Rasaki yana gwamnan soja, aka ba mutanen Maroko mako guda, katafila ta shiga a tsakiyar damina, mutum wajen 300,000 suka rasa matsuguni. Hujjar da aka bayar ita ce wurin ya yi ƙasa, ruwa na cin sa, ba ya zaunuwa. Akwai masu shayi da masu gadi da masu yankan farce 'yan uwanmu da na sani a ciki. Yau ka je ka ga benayen da ke tsaye a wurin da aka ce ba ya zaunuwa. Haka aka sake yi wa masunta na Otodo-Gbame a 2016 da 2017.

Injiniya Bazazzagi

Baba, Allah ya ƙara girma, kun share min rabin hanya.

Malam Mai Albasa, aikina ke nan, zanen magudanan ruwa. Dillalinka ya tattara ruwa uku ya kira maka su ɗaya, alhali kowanne da hanyar da yake biyowa.

Na farko shi ne teku, kuma shi kaɗai katangar ta sani. A gaɓar nan igiyar ruwa tana tura yashi ne daga yamma zuwa gabas, daga wajen Kwatano ya nufi Lekki. Wajen 1908 zuwa 1912 Turawan mulkin mallaka suka jera duwatsu dogaye cikin teku a bakin mashigar jiragen ruwa, don kada yashi ya toshe musu hanya. Jirage suka samu hanya, amma yashin ya dinga taruwa a yamma, gabas kuma igiya ta ci gaba da kwasa ba mai mayarwa. Abin da ya cinye Bar Beach ɗin su Baba ke nan, tun kafin kowa ya fara zancen sauyin yanayi. Wajen 2008 aka fara cike wurin da yashin da ake tsotsowa daga cikin teku, aka tsara katanga mai tsawon kilomita 8.5, ta duwatsu da manyan curin kankare, kowane curi tan 5. Kamfanin South Energyx na iyalan Chagoury ne ya yi aikin, kuma filin da aka samar a bayan katangar, kusan murabba'in kilomita 10, shi ake yankawa a sayar a mayar da kuɗi. Har Amurka tana gina sabon ƙaramin ofishin jakadancinta a ciki. Amsar tambayarka ta biyu ke nan: filin da ke bayan katangar ne ya biya kuɗinta. Filin Agiliti ba zai iya biyan irin wannan aikin ba.

Na biyu ruwan sama. Legas shimfiɗe take, kusan daidai da teku. Ruwan rufin gidanka yana bin kwata ya faɗa kanal, kanal ya kai shi lagun, wato babban tafkin nan da gadar Third Mainland ta ratsa, lagun kuma ya fitar da shi teku ta mashigar jiragen da na ambata. Teku yana cika ya janye sau biyu a yini. In mamakon ruwa ya dace da lokacin cikarsa, lagun ba ya iya fitar da komai, sai kanal ya tsaya cak, wani lokaci ma ka gan shi yana komawa baya. Ranar 10 ga Yulin 2011 an wuni ana ruwa, aka rasa rayuka fiye da 20. Ranar 3 ga Yulin 2024 ruwa ya rufe Iyana-Oworo, motoci suka kasa hawa gadar Third Mainland.

A nan ne zancen rediyo ya shigo, kuma ba ban tsoro ba ne. Daga 1901 zuwa 2018 tekun duniya ya ƙaru da kimanin santimita 20, kamar taki guda, saboda ƙanƙarar ƙarshen duniya da ta kan duwatsu tana narkewa, ruwan kuma yana kumbura in ya yi ɗumi. Saurin ma ƙaruwa yake, tsakanin 2006 da 2018 ya kai wajen milimita 3.7 a shekara. Mutum zai ce taki guda me zai yi? Ga kanal ɗin da dama da ƙyar yake gangarawa, in ka ɗaga ruwan da ke bakinsa da taki guda ka kashe shi. Ba za a wayi gari a ga Legas ta ɓace ba. Ruwan da ke janyewa cikin awa biyu ne zai koma kwana, mai kwana ya koma mako.

Na uku, wanda ya fi shafarka, kogin Ogun. Agiliti da Owode-Onirin da Ajegunle ta hanyar Ikorodu da Isheri duk fadamar kogin nan ce, inda yake bajewa kafin ya faɗa lagun. A gida wa ke kafa ɗaki a tsakiyar fadama? Shinkafa ake zubawa. Ruwan da ya yi shatin da ka gani daga arewa yake gangarowa, daga ƙasar Oyo da Abeokuta, ta bayan gari. Ko da an kewaye bakin teku da katanga tun daga Badagry har Epe, ɗigo ɗaya ba za ta tare maka ba.

Ciko kuwa, in ka ɗaga naka, ruwan ya koma gidan maƙwabci, shi ma ya ɗaga fiye da naka. Hanyar shiga dai tana nan a ƙasa, masai ya cika ya haɗe da rijiya.

Ɗan Kara

Injiniya ka faɗi gaskiya amma ka tsallake dam. Mu da muke kasuwar shanu ta Kara, a gindin doguwar gadar hanyar Ibadan, mun fi kowa sani. Sai a Satumba ko Oktoba, rana tana ƙwallewa, ko hadari babu, ka ga ruwa yana tasowa a hankali cikin turke. In ka ji an ce an buɗe dam ɗin Oyan da ke kan reshen kogin Ogun, can sama da Abeokuta, to a fara jan shanu zuwa bakin titi. Dabba ta kwana uku ƙafarta a ruwa ta rame, kofato ya lalace, mai saye ya taya yadda ya ga dama. A 2010 hanyar Ikorodu ta yanke a Ajegunle, a 2019 gidajen Isheri sun zauna cikin ruwa makonni. Ni a ganina da za a bar dam ɗin nan a rufe, rabin wahalar ta ƙare.

Injiniya Bazazzagi

Alhaji, a bar shi a rufe fa? Ka tuna abin da ya sami Maiduguri ranar 10 ga Satumban 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle. Oyan tun 1983 Shagari ya buɗe shi, in ya cika dole a rage, in ba haka ba Abeokuta ce za ta fara tafiya kafin ku. Kuma Oyan reshe ɗaya ne, akwai rafuka da yawa da ke zuba cikin Ogun waɗanda ba su da ƙofar da za a rufe. Inda na yarda da kai shi ne lokaci. A fara ragewa da kaɗan-kaɗan tun farkon damina ya fi a jira sai ya kai wuya a saki da yawa, daidai lokacin da lagun yake cike. Sannan a yashe bakin kogin, a daina ba da izinin gini a hanyarsa.

Mai Albasa

Na gode ƙwarai, Baba da Injiniya da Alhaji. Jikina ya yi sanyi da filin.

Amma akwai abin da ke ci min tuwo a ƙwarya. Duk lokacin da aka yi ambaliya, washegari sai ka ji an ce 'yan Arewa masu tura kurar shara ne suka toshe kanal, a bi su a ƙwace kura a farfasa. Yaran nan ba don daɗi suke yi ba. Motar shara sai ta yi makonni ba ta leƙo wasu layukan ba, wasu ma ba ta iya shiga saboda lalacewar hanya, masu gidan da kansu suke kiran mai kura su biya shi. Su waye suka cike fadamun Lekki suka kafa rukunin gidaje? Mai kura ne?

'Yar Nima

Sallama daga Akra. Ɗan'uwana, ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka.

Gaskiya ne ana ɗora wa talaka laifin da ya fi ƙarfinsa. Mu ma mun gani. Daren 3 ga Yunin 2015 ruwa ya cika Circle, mahaɗar tituna a tsakiyar Akra, mutane suka fake a gidan mai, man ya bi saman ruwa, wuta ta kama, mutum wajen 150 suka rasu. Ba a yi wata guda ba katafila ta shiga unguwar Old Fadama, inda yawanci 'yan arewacin Gana ne, aka ce su suka toshe kogin Odaw da lagun ɗin Korle. Masu manyan gine-gine a kan hanyar ruwa kuwa da yawansu suna nan.

Amma ni a bakin babbar kwatar unguwar Nima na tashi, kuma ba Bature ba ne ke zuba shara a cikinta. Da an ji ruwa ya kece, sai ka ga ana fitowa da bokiti da buhu ana juyewa, wai ruwa ya tafi da shi. Ya tafi ina? Gidan wata matar da ke can ƙasa. Mai kurar da aka biya shi ma, in juji ya yi masa nisa dare kuma ya yi, kai ka san inda yake juyewa. Ledar fiya wata da farar robar zuba abinci ba sa ruɓewa. Na ji daɗi da na ji Legas ta hana farar robar nan a watan Janairun 2024, ina fata abin ya ɗore. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don gyaran yankin Odaw, amma ko nawa aka kashe a yasa, in ba mu daina ba ƙasa da leda za su sake cikawa.

Kuma duk cikinku ba wanda ya tambayi wadda za ta zauna a gidan. Kai da asuba kana kasuwa ana sauke lodi. Ita ce za ta ɗora yara kan gado, ta ɗaga buhun shinkafa, ta yi girki a tsaye cikin ruwan da ya haɗe da masai, ta kwana tana kallon ko maciji ya shigo. Bayan ruwa ya janye kuma sai amai da gudawa da zazzaɓi. Ka kira ta ka faɗa mata shatin ya kai maka ƙugu, ka ji abin da za ta ce.

Injiniya Bazazzagi

Hajiya ta gama magana a kan shara. Mai Albasa ma yana da gaskiya a kan fadamu, domin dausayi da dazukan bakin ruwa su ne ma'ajiyar da ruwa ke zama kafin ya wuce, kuma duk wanda aka cike, ruwansa sai ya nemi wani wuri.

Akwai abu ɗaya da ban ambata ba, wanda ya fi tsorata ni a kan ƙaruwar teku: ƙasar da kanta tana zama. Gari ne da kusan kowane gida yake da bohol ɗinsa saboda ruwan famfo bai wadata ba, ga nauyin benaye a kan ƙasar da jiya-jiya aka cike. In aka zuƙe ruwan ƙarƙashi, laka tana matsewa, kuma ba ta sake tashi. Jakarta, babban birnin Indunusiya, ita ce aya: wasu unguwanninta na arewa sun riƙa nutsewa da har santimita 25 a shekara, suna da katanga amma katangar ma tare da ƙasar take sauka, har a 2019 gwamnatinsu ta sanar za ta mayar da babban birni tsibirin Borneo. Tokyo ta taɓa shiga irin wannan hali, ta taka wa masu zuƙar ruwan ƙasa birki a shekarun 1960 da 1970 bayan ta samar musu da wani ruwan, nutsewar ta tsaya. Wato gyara ruwan famfo a Legas aikin hana ambaliya ne, ko da yake ba wanda zai yanka masa kirtani a gaban 'yan jarida.

Mutane suna son kawo misalin Holan. Gaskiya ne bayan ambaliyar 1953 da ta kashe musu mutum fiye da 1,800 sun gina madatsai da ƙofofin da ke rufe bakin kogi in teku ya fusata. Amma abin da ke riƙe da su kullum shi ne injinan tsotse ruwa da ba sa mutuwa, da hukumomin ruwa masu karɓar harajinsu na kansu tun ɗaruruwan shekaru. A 2011 ma, maimakon ƙarin kankare, yashi suka jibge a gaɓa kusa da Hague, fiye da kubik mita miliyan 20, suka bar igiya ta rarraba shi. Mu a nan yashin muke haƙewa daga lagun da bakin gaɓa muna lodawa a tifa. Unguwannin da suka yi ƙasa irin tsibirin Legas ba makawa sai sun koma ga ƙofa a bakin kanal da injin tsotsa, an ma fara irin wannan a Ilubirin. Injin kuwa yana son wuta a daidai lokacin da ake tsuga ruwa, lokacin da aka fi ɗauke ta.

Tsohon Obalende

Yaro, ko ba a Agiliti ba, duk inda za ka saya ka duba nisansa da kanal. A 2024 an rusa gidaje masu tsada a Mende, wajen Maryland nan cikin Legas, saboda sun shiga hanyar ruwan Odo Iya Alaro, kuma masu su ba ƙananan mutane ba ne. In an taɓa waɗannan, kai da rasit ɗin omo-onile, wato 'yan ƙasa masu sayar da filaye, wa zai saurare ka?

Mai Albasa

Baba na ji, Allah ya saka da alheri. Hajiya, na kira ta, ta ce ita da kwale-kwale sai dai a hoto. Wani abokina ya ce in duba can cikin Ikorodu inda ƙasa ta yi tudu, ko da zan riƙa shan cunkoso kafin in iso kasuwa. Injiniya, ta yaya mutum irina zai gane fili ba ya kan hanyar ruwa tun kafin ya biya?

Injiniya Bazazzagi

Ka sa safiyo mai lasisi ya auna filin ya fitar maka da taswirarsa, kada ka yarda da wadda mai sayarwa ya miƙo maka. Ka kai ta sashen magudanan ruwa na ma'aikatar muhalli a Alausa, sakatariyar gwamnatin jiha, ka nemi takardar da ke nuna filin bai shiga hanyar kanal ba, ka kuma bincika a ofishin filaye ko gwamnati ba ta riga ta karɓe yankin ba. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka ga wurin sau biyu: a Yuli washegarin babban ruwa, da kuma Oktoba lokacin da kogi ke cika. In ka je, ka bar dillali a mota, ka tambayi mai shagon layin da matar da ke suyar ƙosai.